Ƙwallayen ƙugu na zirkoniya da aka janye a 2001: yadda sauyin tanderu ya kai mutane ɗakin tiyata karo na biyu

A watan Agusta na shekarar 2001, kamfanin Saint-Gobain Desmarquest na ƙasar Faransa ya nemi a dawo masa da rukuni tara na ƙwallayen ƙugun roba (gaɓar ƙugu ta wucin gadi da ake dasa wa mutum) da ya ƙera da zirkoniya, wani irin tangaran mai tauri, waɗanda ake sayarwa da sunan Prozyr. Hukumar kula da kayan lafiya ta Faransa ta dakatar da sayar da su, a watan Satumba kuma hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da nata gargaɗin, domin manyan kamfanonin kayan ƙashi na can da dama a wurin wannan kamfani suke sayen ƙwallo su ɗora a kan nasu sandunan. Dalilin janyewar shi ne ƙwallayen suna tarwatsewa a jikin mutane, shekara ɗaya zuwa uku bayan an dasa su. Mutum yana cikin tafiyarsa ko yana tashi daga kujera sai ya ji ƙas a ƙugu, ciwo ya biyo baya, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Kafin ƙura ta lafa an ƙirga kusan ƙwallo 400 da suka fashe, galibinsu daga rukuni biyu kacal.

Kafin wannan lokaci an dasa ƙwallayen zirkoniya sama da 600,000 a duniya, kuma abin da ake tsammani shi ne wanda zai fashe bai wuce ɗaya cikin dubu goma ba. Sinadarin da aka yi ƙwallayen da suka fashe da shi bai sauya ba. Abin da ya sauya, a shekarar 1998, shi ne tanderun da ake gasa su.

Inda ƙwallon yake zama da nauyin da yake ɗauka

Ƙugun roba yanki huɗu ne. Akwai sandar ƙarfe da ake cusawa cikin ɓargon ƙashin cinya, yawanci ta titaniyom ko ta haɗin kobalt da kuromiyom. Saman sandar yana da wuya mai tsukewa kaɗan-kaɗan zuwa ƙarshe, wanda aka fi yi a ma'aunin 12/14, wato kimanin milimita 12 a baki, 14 a gindi. Ƙwallon yana da rami mai irin wannan tsukewar, shi ake zurmawa a kan wuyan. Ba ƙusa, ba gam, matsewa kaɗai ke riƙe shi. A ɓangaren ƙashin ƙugu kuma akwai ƙoƙon ƙarfe, a cikinsa ake sa shimfiɗa ta polietilin (wata irin roba mai tauri) ko ta tangaran, wadda ƙwallon yake juyawa a ciki.

Wannan matsewa ta wuya da rami ita ce ya kamata a riƙe a zuciya. Duk takun da mutum ya yi, nauyin da ya ninka na jikinsa sau biyu da rabi zuwa uku yana danna ƙwallon a kan wuyan sandar, idan ya yi tuntuɓe kuma yana iya kaiwa ninki takwas. Wuyan yana aiki kamar tsinken da ake bugawa cikin itace don a faskara shi: yana tura bangon ramin waje. Tangaran yana jure danni sosai, amma ba ya jure ja. Wurin da ja ya fi yawa a ƙwallon kuwa shi ne cikin ramin nan.

Dalilin da ya sa aka koma ga tangaran tun farko shi ne zaizaya. Ƙwallon ƙarfe yana samun ƙarce, ƙarcen yana kankare polietilin, ɓurɓushin da ke fita yana tayar da ƙwayoyin garkuwar jiki, su kuma su sa ƙashin da ke kewaye da sandar ya riƙa narkewa har ta yi sako-sako. Tangaran ya fi tauri, ana iya goge shi ya yi santsi fiye da ƙarfe, kuma ruwan gaɓa yana shimfiɗuwa a kansa da kyau. Likitan Faransa Pierre Boutin ne ya fara dasa ƙugun alumina, wani irin tangaran, a garin Pau a 1970. Matsalar alumina ta wancan zamani ita ce gautsi: ƙwayoyinta manya ne, tana da datti a ciki, tana fashewa. Saboda haka ba a iya yin ƙaramin ƙwallo mai faɗin milimita 22 da ita cikin kwanciyar hankali, alhali likitoci da yawa wannan girman suka saba da shi. A tsakiyar shekarun 1980 zirkoniya ta shigo da alkawarin ƙarfin lanƙwasa da ya kai kusan megafaskal 1,000, wajen ninki biyu na alumina.

Ƙarfin zirkoniya da rauninta abu ɗaya ne

Zirkoniya tsantsa tana sauya tsarin ƙwayoyinta gwargwadon zafi. Ƙasa da digiri 1,170 a ma'aunin Selsiyos tana cikin siffar da ake kira monokilinik. Daga nan zuwa digiri 2,370 tana komawa tetiragonal, wadda ta fi matsewa. Idan aka gasa ta tana hucewa, sai ta koma monokilinik, ta kumbura da kimanin kashi 4 cikin 100, kuma wannan kumburin ya isa ya farfasa ta tun a tanderu. Dabarar da aka samu ita ce a zuba mata kaɗan daga wani sinadari da ake kira itiriya, kashi 3 cikin 100 a lissafin mol na masana sinadarai, a kuma tabbatar ƙwayoyin ba su wuce rabin maikuromita ba. Da haka matsattsiyar siffar takan tsaya har a zafin ɗaki, amma tsayuwa ce ta dole, kamar ƙofar da aka tokare da ƙafa.

A 1975 Ron Garvie da abokan aikinsa a Ostareliya suka nuna amfanin wannan hali. Idan tsaga ta fara tafiya a cikin zirkoniya, jan da ke bakin tsagar yakan saki ƙwayoyin da ke wurin su koma kumburarriyar siffa. Kumburin sai ya matse bakin tsagar, ya hana ta gaba. Abin da ya sa zirkoniya ta fi sauran tangaran juriya ke nan.

Sai dai ruwa ma yana iya sakin wannan tokari, ba tare da wata tsaga ba. Tun 1981 masu bincike a Japan suka ga zirkoniya tana lalacewa a iska mai laima a zafin digiri 250. Itiriya tana riƙe siffar ne ta hanyar barin guraben iskar oksijin a cikin ƙwayar. Ruwa yana kutsawa ya cike guraben, ƙwaya ɗaya a fuska ta kumbura, ta tura maƙwabtanta, ƙananan tsagogi su buɗe tsakaninsu, ruwa ya ƙara samun hanya ya nutsa ciki. Wannan shi ake kira tsufan zirkoniya. An daɗe ana ɗauka cewa a zafin jikin mutum, digiri 37, tsufan yana tafiya a hankali ƙwarai har ba zai dami kowa ba. Ga ƙwallon da ya gasu sosai, maganar tana da kamshin gaskiya. Amma alamar gargaɗi ta riga ta fito: a 1997 FDA ta sanar da cewa sake tsabtace ƙwallon zirkoniya a tukunyar tururi yana sa fuskarsa ta yi kaushi, ta riƙa cin polietilin. Duk wanda ya karanta wannan sanarwa ya san ruwa da zafi suna taɓa kayan nan.

Tanderu

Ana yin ƙwallon ne daga gari. A danne garin a cikin mazubi ya zama dunƙule, a gasa shi a zafin da ya kai wajen digiri 1,400 zuwa 1,500 har ƙwayoyin su manne da juna, ramukan da ke tsakaninsu su rufe. Daga nan a sa shi a wani injin mai zafi da matsin iskar gas don a ƙarasa toshe abin da ya rage, sannan a yi sassaƙa da goge da lu'ulu'u. Zirkoniyar da ta gasu daidai nauyinta ya haura giram 6 a kowane santimita kiyubik, wato dunƙule mai santimita ɗaya a tsawo, faɗi da kauri, kuma kusan babu rami a cikinta.

Da can kamfanin yana gasawa ne a tanderun da ake cikawa, a rufe, a ɗaga zafi a hankali, a bar shi ya huce. A farkon 1998 ya koma dogon tanderu mai kama da kwararo, inda kaya ke shiga ta baki ɗaya suna tafiya su fita ta ɗayan. Irin wannan tanderu yana fitar da kaya da yawa cikin ɗan lokaci, kuma a masana'antar tangaran ba baƙon abu ba ne. Ƙwallayen da suka fito daga cikinsa lambarsu tana farawa da haruffan TH, da su aka gane rukunonin da aka janye.

Mai ginin tukwane ya san abin da ke faruwa idan wuta ta ci bayan tukunya cikinta bai nuna ba: za ta yi ƙara mai daɗi idan aka ƙwanƙwasa, amma ranar da ta sha ruwa za ta nuna halinta. Binciken da aka yi a kan gutsattsarin da aka ciro daga jikin majinyata, musamman aikin Jérôme Chevalier da abokansa a birnin Lyon, ya nuna abu mai kama da haka. A wasu rukunonin, tsakiyar dunƙulen ba ta kai bayansa cikar gashi ba, ta rage da ƙananan ramuka. Tsakiyar kuwa ita ce daidai inda ramin ƙwallon yake. Wato ɓangaren da bai gasu sosai ba shi ne ya zama bangon ramin, shi ne yake fuskantar ruwan jiki, shi ne kuma yake ɗaukar ja mafi yawa daga wuyan sanda. Ramukan sun ba ruwa hanya, tsufan da ya kamata ya ɗauki shekaru aru-aru ya gudana cikin watanni, bangon ya cika da ƙananan tsagogi. Wata rana ɗaya daga cikinsu ta kai girman da kumburin ƙwayoyi ba zai iya tare ta ba, domin ƙwayoyin wurin sun riga sun kumbura, ba sauran abin da za su bayar.

Abin da ya fi damun mai nazarin wannan lamari shi ne gwajin da ake yi a lokacin ba zai kama wannan ba. Gwajin ƙarfin ƙwallo shi ne a ɗora shi a kan wuyan sanda a danna har ya fashe. Ƙa'idar FDA ta ce matsakaicin nauyin fashewa ya haura kiloniyutan 46, sama da tan huɗu da rabi ke nan, kuma kada ko ɗaya ya fashe ƙasa da kiloniyutan 20. Mutum mai kilo 70 yana tafiya bai fi kiloniyutan 2 yake ɗora wa ƙugunsa ba. Rata ce mai faɗi, amma ƙarfin ranar farko take aunawa, a busasshen ɗakin gwaji. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 13356 ta zirkoniya, yadda take a 1997, ba ta tilasta gwajin tsufa ba. Sai a gyaran 2008 aka shigar da shi: a sa samfur a tururi mai zafin digiri 134 da matsi na bar 2 (ma'aunin matsi) na tsawon awa biyar, sannan a auna, kada kumburarriyar siffa ta wuce kashi 25 cikin 100. Kiyasin da aka fi amfani da shi shi ne awa ɗaya a wannan tururi tana daidai da shekara uku zuwa huɗu a jiki. Gwaji ne da kowane ɗakin bincike mai tukunyar tururi zai iya yi a yini guda, kuma a ganinmu duk wanda ya sauya tanderu ya wajaba ya yanka ƙwallo biyu ya yi wa cikinsa wannan gwajin kafin ya sayar da ko ɗaya.

Hukumomi ba su ba da shawarar a cire ƙwallayen da ba su fashe ba. Babu hoton da zai nuna wanda ke shirin fashewa, kuma tiyata ta biyu tana da nata haɗarin. An dai ce a sanar da majinyata alamomin, a riƙa bibiyarsu. Kasuwar ƙwallon zirkoniya ta faɗi da sama da kashi 90 cikin 100 tsakanin 2001 da 2002, aka daina yin Prozyr gaba ɗaya.

Idan tangaran ya fashe a gaɓa

Nan ne aikin ya fi wuya, kuma darasin ya shafi kowane irin tangaran. Ƙwallon ba ya rabewa biyu kawai. Yana fashewa ne zuwa manyan gutsattsari kaɗan da dubban ƙanana masu kaifi, wasu ba a ganinsu da ido. Da zarar hoton ƙashi ya tabbatar, ko aka ga ƙwallon ya kauce daga tsakiyar ƙoƙo, majinyaci ya daina taka ƙafar nan take, a yi tiyata cikin kwanaki. Kowane taku yana niƙa gutsattsarin, yana kuma sa wuyan sandar da ya zama tsirara ya riƙa gogar tangaran yana lalacewa.

A wurin tiyata ana tsince manyan gutsattsari, a yanke dukkan fatar cikin gaɓa wadda ɓurɓushi ya shige, gaba da baya, a wanke da ruwan gishiri lita da yawa. Shimfiɗar polietilin dole a canza ta ko da ta yi kyau a ido, domin ɓurɓushin ya nutse a cikinta. Sai a duba wuyan sanda da kyau. Idan ya lotse ko ya yi mummunan ƙarce, sandar ma sai an cire ta, ko da ta kama ƙashi daram. Idan ɓarnar kaɗan ce, ana sa sabon ƙwallon tangaran mai hular titaniyom a cikin raminsa, hular ta zauna a kan tsohon wuyan ta raba nauyi daidai. Ba a ɗora tangaran kai tsaye a kan wuyan da aka taɓa amfani da shi, saboda tudu ɗaya ƙarami ya isa ya tattara ja a wuri guda.

Kuskuren da ya fi muni shi ne a ce tunda tangaran ya fashe, bari a sa ƙwallon ƙarfe a huta. Komai wankin da aka yi, ɓurɓushi yana saura. Zai nutse a sabuwar polietilin ya mayar da ita takardar yashi, ita kuma ta riƙa cin ƙwallon ƙarfen. An ciro ƙwallayen kobalt da suka zama kamar ƙwai saboda wannan ci, gaɓar ta cika da baƙin ruwa. Kobalt ɗin yana shiga jini, ya taɓa tsokar zuciya, ji, gani, jijiyoyi da ƙwayar maƙoshi. A 2014 likitoci a Marburg ta ƙasar Jamus sun ba da rahoton wani mutum mai shekara 55 da ya zo da ciwon zuciya mai tsanani, ya kusa kurumcewa da makancewa, aka daɗe ana neman dalili. Ashe an canza masa fasasshen ƙugun tangaran da na ƙarfe a 2010. Wani bincike na asibitoci da dama a Faransa da aka wallafa a 2003, kan tiyatar gyara 105 bayan fashewar ƙwallon tangaran, ya nuna kashi 63 cikin 100 ne kaɗai suka kai shekara biyar ba a sake buɗe su ba. Don haka abin da ake sawa bayan fashewa shi ne tangaran a kan tangaran, ko tangaran a kan polietilin, a kuma ci gaba da bibiya.

Abin da ya maye gurbinta

Zirkoniya ba ta bar ƙugu ba, matsayinta ne ya sauya. Tangaran da ya fi yawa a yau shi ne Biolox delta na kamfanin CeramTec na Jamus, mai launin ruwan hoda saboda ɗan kuromiyom da ke ciki. Kimanin kashi 82 cikin 100 na jikinsa alumina ce, kashi 17 zirkoniya, sai 'yan faya-fayan sinadarin sitirontiyom da ke karkatar da tsaga. Ƙwayoyin zirkoniyar a warwatse suke, alumina mai tauri ta kewaye kowace ɗaya, saboda haka idan ta fuska ta kumbura ba ta da maƙwabciyar da za ta miƙa wa cutar cikin sauƙi. Rajistar dashen gaɓoɓi ta Ingila da Wales ta ba da alƙaluma a wani nazari na 2017: ƙwallayen delta 7 ne suka fashe cikin kusan 79,000, amma shimfiɗun delta 101 cikin kusan 80,000.

Wannan bambanci yana nuna inda matsalar ta koma. Shimfiɗar tangaran tana fashewa ne galibi saboda yadda aka zaunar da ita. Idan ta shiga ƙoƙon a karkace ko da kaɗan ne, bakinta zai ɓantare. Shi ya sa ake bin bakin da yatsa a zagaye kafin a buga, a tabbatar ya yi daidai da bakin ƙoƙo ta ko'ina. Ƙoƙon kansa ana neman ya kwanta a kusurwar digiri 40 zuwa 45, ya fuskanci gaba da digiri 15 zuwa 20. Idan ya miƙe da yawa nauyi yana komawa gefe, idan ya kauce wuyan sanda yana dukan baki. Ta ɓangaren ƙwallo, ana wanke wuyan sanda a busar da shi sarai, ba jini, ba kitse, ba ɓurɓushin ƙashi ko siminti. A ɗora ƙwallon da ɗan murɗawa, a buga shi da mabugi mai kan roba a miƙe da wuyan, ba da gudumar ƙarfe kai tsaye ba. Ƙwallon da ya faɗi ƙasa an yar da shi. Ƙaramin ƙwallo mai milimita 28 da gajeren wuya, wanda raminsa ya fi zurfi, ya fi na 32 da 36 saurin fashewa. Kuma ba a haɗa ƙwallon wani kamfani da sandar wani don kawai duka an rubuta musu 12/14, domin kusurwar tsukewar da tsawonta suna bambanta.

A ƙasar Hausa masu buƙatar wannan tiyata da yawa matasa ne masu sikila waɗanda kan ƙashin cinyarsu ya mutu saboda toshewar jini, kuma shekarunsu ne suke sa a zaɓa musu tangaran. Su ne kuma za su koma zaman tabarma, tsuguno da zaman tahiya, waɗanda ke kai gaɓar ƙarshen lanƙwasarta, don haka ya kamata a yi wannan magana da likita kafin a zaɓi girman ƙwallo da kusurwar ƙoƙo. Wasu a Indiya ko Masar ake yi musu aikin, gyaran kuma idan ya taso a gida za a yi shi. A 2001, lambar rukuni ce kaɗai ta raba wanda ke cikin haɗari da wanda ba ya ciki. Kowane kwalin kayan dashe yana zuwa da 'yan takardun mannawa masu ɗauke da sunan kamfani, irin tangaran, faɗin ƙwallo, tsawon wuya, ma'aunin tsukewa da lambar rukuni. Majinyaci ya nemi kwafinsu na yanki huɗun duka kafin a sallame shi, ya ɗauki hotonsu a waya, ya ajiye takardar tare da hoton ƙashin farko da aka yi masa bayan tiyata.